Motar da Ke Tarbar Jirgin Aswan

Kwanakin baya ina tsaye a bakin titin Faisal a nan Alƙahira ina jiran mikrobas, wato ƙaramar bas ta haya, sai na kama kaina ina bin motoci da ido, ina neman wata iri guda. Fararen tasi sun wuce, tuk-tuk sun wuce da kiɗansu mai fasa kunne, mikrobas sun wuce direbobinsu na kiran sunayen unguwanni. Amma doguwar motar nan mai layin kujeru uku da ƙarfen ɗaure kaya a ka, wadda a gida muke kira siteshin wagon, Misrawa kuma su ce isteshan, ko ɗaya ban gani ba. An ce akwai ragowarsu a tashoshin da ke lodin ƙauyuka, sun tsufa suna tari. Ni dai a cikin gari na daina ganinsu, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban san ranar da na daina ba. Abu ya ɗauke ka a bayansa rabin rayuwarka, ya ɓace, ko sallama ba ku yi ba. Ranar har mikrobas biyu na bari suka wuce ni saboda tunani.

A gida na fara saninta, ina ɗan saurayi gemu bai fito ba. Ka shiga tasha da hantsi ka tarar da su jere, 'yan kamasho na ta ihu, “Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!” alhali in ka leƙa ciki saura huɗu. Biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku can baya inda gwiwa ke gaisawa da haɓa. Ita ke kai kayan ɗaki, ita ke kai mai naƙuda asibiti, in kuma aka kwantar da kujerun baya ita ke ɗauko gawa a kawo ta gida. Jajiberin babbar Sallah za ka ji rago na kuka a bayanka, numfashinsa na dukan ƙeyarka, ba wanda zai ce uffan. Kakata takan ce motar nan ba a koya mata cewa babu wuri ba. Yanzu fa? Jikana ya zauna shi kaɗai a kujerar mutum uku, in ka ce ya matsa sai ya ɓata rai. Duk da haka ba motocin gida ne suka sa na ɗauki alƙalami ba. Wata guda ce a nan Alƙahira, mai launin ƙasa-ƙasa, da mutumin da ya share shekarunsa yana kai ta tashar jirgin ƙasa don ya tarbi ƙanensa.

Ta ƙasa na zo Masar karatu, irin zuwan da in ka ba yaran yanzu labarinsa sai su ɗauka ƙari kake yi. Babbar mota ta ratsa da mu Chadi da Sudan, jirgin ƙasa ya kai mu Halfa, jirgin ruwa ya tsallakar da mu Aswan, daga nan wani jirgin ƙasan ya kwaso mu zuwa Alƙahira. Da safe muka shigo tashar Babul Hadid. Na sauko da akwatin ƙarfe a ka, ƙafafuna sun kumbura, ban san kowa ba, ban san gabas ba balle yamma. Larabcin da na haddace a zauren malam na ɗauko na tambayi wani mutum hanya, ya tsaya ya saurare ni da kyau har na gama, sannan ya ce, “Sadaƙallahul azim,” ya yi gaba yana dariya. Wallahi a wurin na ji hawaye na neman zubo mini. Ina cikin wannan hali sai na ji wata murya ta keto hayaniyar tashar nan, da Hausa tsantsa.

“Sannunku da zuwa! Mutanen gida, ina gajiya? Sannunku da hanya!”

Na juya da ƙarfi har akwatin ya kusa faɗuwa. Wani dogon mutum ne baƙi, cikin jallabiya da hular saƙa, ba kowa yake kallo ba, sama da kawunan jama'a yake jefa gaisuwar. Da ya ga na juyo sai ya nufo ni yana murmushi.

“Ka juyo, to kai nawa ne. Sauke akwatin nan kafin ya karya maka wuya.”

Shi ne Baba Habu. Haka yake yi duk ranar da jirgin Aswan zai kawo mutanen Sudan: ya tsaya a bakin dandamali ya yi ta gaisuwa da iska, wanda duk ya waiga ya san Bahaushe ne, ya kwashe shi. Bai tambayi sunana ba, bai tambayi garinmu ba. Tambayar farko da ya yi mini, yana kallon cikin idona, ita ce, “A hanya ko ka ji labarin wani Sale ɗan Gumel? Gajere ne, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu.” Na ce ban ji ba, Baba. Ya gyaɗa kai, ya sake duba ƙofofin jirgin har na ƙarshe ya sauko, sannan ya ce, “Ma'alesh, ba komai. Yalla, mu je ka ci abinci.”

Ba a ranar na ji labarin ba, sai daga baya, ɗalibai tsofaffin zuwa suka ba ni, shi ma ya cike mini sauran da bakinsa. Su biyu suka baro Gumel da niyyar Hajji ta ƙasa, shi da ƙanensa Sale, suna tafe suna aikatau. A Halfa buhu ya faɗo wa Sale a ƙafa ya karya shi. Aka ɗora shi, aka kwantar da shi a gidan wani mai gasa burodi. Habu ya ji ana samun aiki a Masar, ya ce bari ya tsallaka ya nemo musu guzuri. Da zai tafi ya ce wa ƙanen, “Kada ka motsa daga wurin mutanen nan sai na aiko.” Da ya sami wurin zama a Alƙahira ya aika kuwa, saƙon baki ta hannun wani falke, cewa Sale ya hau jirgi ya taho, zai tarbe shi a tasha. Daga nan ya fara zuwa Babul Hadid. Abin da bai sani ba a lokacin, an gina madatsar ruwa, hukuma ta kwashe mutanen Halfa ta kai su can gabashin Sudan, ruwa ya haɗiye tsohon garin. Da shiru ya yi yawa ya koma da kansa, aka nuna masa inda gidan burodin yake, bai ga komai ba sai ruwa. Wasu suka ce baƙi sun watse, wasu sun yi Hijaz, wasu sun yi bakin teku. Ya yi ta aika tambaya, ba wanda ya san wani Sale ɗan Gumel. Sai ya dawo tasha, don a ganinsa nan kaɗai ne wurin da suka yi alkawari. Na taɓa ce masa me zai hana ya bi sahu ya zagaya Sudan ɗin. Ya harare ni ya ce, “In na tafi ya sauka ranar, wa zai gani?”

Da dako ya fara a tashar, sannan ya zama direban wani tsohon hawaja, wato Bature, mai sayar da auduga. A motar hawajan ya koyi tuƙi, wata tsohuwar isteshan da aka yi wa gefuna da katako, wadda Baba ya ce sai an shafa mata mai kamar ƙofar gidan attajiri. Wurin wannan hawaja ya ji asalin sunan, kuma duk wanda ya shiga motarsa sai ya sha labarin, ko yana so ko ba ya so. Wai a ƙasarsu, zamanin da jirgin ƙasa ne sarkin tafiya, manyan gidaje da masaukan baƙi sukan ajiye keken doki na katako, mai kujeru a gaba da fili a baya. Ba shi da wani aiki sai zuwa tasha ya ɗauko baƙo da akwatunansa. Siteshin ita ce tasha, har ma daga bakinsu muka karɓo kalmar muka gyara ta daidai harshenmu, wagon kuma shi ne keken. Da inji ya zo aka sallami doki, aka ci gaba da ƙera jikin da katako, daga baya katakon ma ya tafi, suna kaɗai ya rage. In ya kawo nan sai Baba ya daki sitiyari ya ce, “Ka ga duk masu irinta a garin nan, wasu kaji suke ɗauka, wasu kankana. Ni kaɗai nake yi mata aikin sunanta.” Da hawajan ya tattara ya koma ƙasarsu, Baba ya haɗa abin da ya tara ya sayi tasa, ƙirar Faransa, ita ce ta ɗauko ni.

Kai, motar nan! Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar ƙofarta. Sai ka ɗan ɗaga ta sama sannan ka jawo, ta ce gam, in ba haka ba ta buɗe da kai a tsakiyar titi. Giyarta a jikin sitiyari take, Baba na sa ta da yatsu biyu kamar mai tsinkar zogale. Cikinta warin fetur ne da na lemun tsami da turaren da yake ɗiga wa kujeru ranar Juma'a. Kaset ɗinta guda ne, na karatun Alƙur'ani, ya sha rana har muryar mai karatun ta yi kauri. Sauran ranakun mako yana lodin Iskandariyya da ita, da haka yake ci da iyalinsa. Amma ranar jirgin Aswan ko nawa za ka ba shi ba zai ɗauke ka ba. Abokan sana'arsa, masu kiransa usɗa wato ogan direbobi, suna yi masa tsiya, “Ya usɗa Habu, yau ma baƙon naka ne?” Ya ce musu, “In sha Allahu yau ne.” Mu ɗalibai kuwa mun mai da ita tamu. Mu ke wanke ta bayan sallar Juma'a, mu ke tura ta da sanyin safiya in ta yi gardama, ka ga malaman gobe da rawuna sun naɗe riguna suna nishi, Baba na ciki yana cewa, “Ku ƙara, ku ƙara, karatun bai ba ku ƙarfi ba ne?” In ta tashi ta watsa mana hayaƙi a fuska, mu bi ta da gudu muna dariya muna faɗawa ciki.

Ni ban san iyakar mutanen da ta kwaso daga tashar nan ba. Ɗalibai, masu jinya, tsofaffi masu neman hanyar Makka, har da wata mata da mijinta ya rasu a jirgin ruwa ta sauko da yara uku ba ta san inda za ta sa kanta ba. Kowa sai ya biya ta gidan Baba ya ci ful, wato dafaffen wake, da burodi da shayi mai zafi kafin a nema masa wurin kwana. Ranar da maiɗakina ta biyo ni, motar ce ta ɗauko ta. Ranar da aka haifi ɗanmu na fari, a kujerar tsakiya aka riƙo shi zuwa gida. Da abokin karatuna ya rasu a shekararmu ta uku, mu muka kwantar da kujerun da hannunmu. Baba yakan ce wanda ya sauka a tasha bai ga fuskar da ta san shi ba, ko ya shekara a garin baƙo ne. Yanzu yaro zai sauka a filin jirgin sama da waya a hannu, wayar ta nuna masa hanya har ƙofar shaƙƙarsa, wato ɗakin hayarsa, ya yi wata a bene ɗaya da kai ba ka san ɗan garinku ba ne. Ban ce ba a samu sauƙi ba, an samu. Amma ni na san abin da na ji ranar da aka ce mini kai nawa ne, kuma ina tausayin wanda bai taɓa jin haka ba.

Tsufa bai yi wa Baba sallama ba shi ma. Yanar ido ta fara rufe masa gani, gwiwoyi suka ƙi. Matarsa Bamisriya ta rasu, ya koma wurin 'yarsa Su'ad a unguwar Hadayek el-Maadi. Da farko wani cikinmu kan tuƙa shi zuwa tasha ya zauna a mota mu yi masa gaisuwar. Sai masu waigowa suka yi ta raguwa, don mutane sun koma jirgin sama da bas. Sannan shekarun nan suka zo da gari ya rikice, yau zanga-zanga gobe dokar hana fita, layin mai ya zagaye unguwa, har jiragen ƙasan ma aka tsayar da su na wani lokaci. Motar ta zauna a ƙofar gidan ƙarƙashin tamfol, tayoyinta suka sace, kyanwoyi suka haihu a ƙarƙashinta. Bawwab, mai gadin gidan, ya dami Su'ad da ƙorafi, maƙwabta na son wurin ajiye tasu motar. Duk zuwan da zan yi sai ta tare ni a matakala.

“Ya Ustaz, don Allah ka yi wa Baba magana. Mai kurda, mai sayen tsofaffin ƙarafan nan, ya zo sau nawa, ya ce zai saye ta a ƙarfe. Khalas, shi ke nan, motar nan ta mutu.”

In na shiga na fara kewaye-kewaye sai Baba ya katse ni. “Ɗan malam, in Sale ya sauka da me zan ɗauko shi? Da tuk-tuk?” Gaskiya ni ma ba na so a sayar, don haka ban taɓa matsa masa ba. Amma duk zuwan da na yi ina ganin yadda yake ƙarewa, kuma na tabbata a raina zai koma ga Allah bai ji ko Sale na raye ko ya mutu ba.

Labarin da ya gagari tasha, a wurin lalle ya fito. Maiɗakina ta je suna a nan Faisal, aka kira wata mai ƙunshi, Bahaushiyar Sudan da ba ta daɗe da zuwa ba. Ta dawo da yamma hannuwa a sama kada lallen ya goge, tana ba ni labari tana dariya, ni kuwa hankalina na kan tuwona.

“Malam, ashe akwai wanda ya fi ka taurin kai a duniya. Mai ƙunshin nan ta ce a garinsu akwai wani tsoho mai gidan burodi, Salihul Farran suke ce masa. 'Ya'yansa sun yi sun yi su kai shi asibiti Khartum ya ƙi. Kujerar Makka ma aka ba shi ya ƙi. Wai wansa ya ce kada ya motsa daga wurin mutanen Halfa sai ya aiko, kuma har yau bai aiko ba. Yara har waƙa suke yi masa.”

Lomar da ke hannuna ta koma cikin kwano. Na ce, “Hajiya, wane gari?” Ta ce Sabuwar Halfa. Na ce yana ɗingishi? Ta dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarta, don ita ma ta sha jin tambayar nan tun ranar da ta sauka. Ta ce, “Innalillahi. Malam, miƙo mini wayata, ka danna mini, hannuna da lalle.”

Mai ƙunshin ta nemo mana lambar wani ɗansa. Na kira da kaina na yi tambayoyi, don ba zan kai wa tsoho labarin da zai kashe shi a banza ba. Gumel, in ji ɗan. Ƙafar hagu. Sunan wan nasa Habu. Mai burodin da ya yi jinyarsa shi ya tafi da shi da aka kwashe su, ya aura masa 'yarsa, ya bar masa tanda. Tun daga nan ba wanda ya sake kiransa Sale, shi ya sa duk tambayar da Baba ya aika ta dawo hannu biyu.

Washegari da hantsi na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Hadayek el-Maadi. Na tarar da Baba a kan dardumarsa ya jingina da bango. Na durƙusa na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na danna lambar na buɗe murya na ajiye wayar a tafin hannunsa. Ya ce, “Mene ne wannan kuma?” Kafin in amsa wata tsohuwar murya ta fito, tana rawa.

“Salamu alaikum. Yaya?”

Baba ya kai wayar kusa da kunnensa. Su'ad na tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Can ya gyara zama, ya ce, “Wa alaikumus salam. Sale ne?”

“Ni ne, Yaya.”

“Ina kwana.”

“Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?”

“Ba gajiya. Ya iyali?”

Allah Sarki, mutanenmu! Haka suka yi ta jera gaisuwa, ya gida, ya aiki, ya zafi, kamar waɗanda suka rabu a kasuwar jiya, hawaye na bin gemun Baba yana ɗiga kan wayar. Sai da gaisuwa ta ƙare musu sannan Baba ya ce, “Ya ƙafar?”

“Ta warke, Yaya. Ta daɗe da warkewa.”

“Na aiko fa, Sale. Wallahi na aiko.”

“Bai iso ba, Yaya. Ni kuma ka ce kada in motsa.” Sannan ya ce, “To yanzu in taso?”

Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya irin wannan tambaya ba. Tsoho mai jikoki, yana neman izinin tafiya. Baba ya shafa gwiwoyinsa, ya juya fuskarsa wajen taga inda motar take, ko da yake ba ganinta yake yi ba.

“A'a. Zauna inda kake, hanyar nan ba ta tsoho ba ce.” Ya share fuska da hannun riga, sai kuma muryarsa ta koma ta babban wa. “Amma asibitin da aka ce ka ƙi zuwa, ka tashi ka je. Ka ji ko? Na ce ka je.”

“To, Yaya.”

Da aka kashe wayar ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya ce, “Su'ad, gobe ki kira mai kurdan nan.” Ni ne na yi tsalle. Na ce haba Baba, a bari mana, ko gyara ta ne mu haɗa hannu mu yi, mutum nawa ta ɗauko, ai ba a yi mata haka ba. Har da rantsuwa na yi cewa zan nema mata wurin ajiya a Faisal. Ya bar ni na gama kumfar bakina, ya ce, “Ɗan malam, in kana so ka saya ka je tasha da ita, ga ta nan. Ni na sami baƙona.” Ni ma na san ba zan je ba, ba kuma wanda zai je.

Ranar da aka zo ɗaukarta na je. Su'ad ta sayo wa Baba waya mai manyan lambobi, tun safe yake maƙale da ita. Na fita baranda ni kaɗai. Bawwab ya yaye tamfol, ƙura ta tashi, kyanwoyi suka watse. Aka ɗaura mata sarƙa aka jawo ta kan babbar mota, tayoyinta ba sa juyawa, jan ta kawai ake yi tana kukan ƙarfe. Na ga kujerar tsakiya ta taga, yadinta ya yage, soso ya fito. Na tsaya ina kuka da gemuna fari, ba kunya, yaran layi na kallona. Daga cikin ɗaki kuwa muryar Baba nake ji ta tashi sama, yana yi wa Sale faɗa a kan wata rijiya da ke bayan gidansu a Gumel, shi ya ce a gabas da kuka take, Sale ya ce a yamma, Baba na cewa, “Kai yaro ne lokacin, me ka sani?” yana dariya har da tari. Babbar motar ta tashi, ta yi kwana a bakin layi, ta shige. Na share fuskata na koma ciki na zauna kusa da shi. Ban gaya masa ta tafi ba, shi ma bai tambaya ba.